Abin Sodangi

Jelani ne ya rubuta manhajar. Gara in faɗi wannan tun da wuri, domin in ka bi ta bakin manoman Goronyo ba za ka taɓa jin haka ba.

Malamin kwamfuta ne a wata sakandare a Wurno, ɗan gidan malamai, irin gidan da ƙamshin tsofaffin littattafai ke tarar baƙo tun daga zaure. Duk rani yana jin labarin faɗan da ake yi a bakin kanal ɗin da ke kawo ruwa daga dam: wane ya tare ruwa, wane ya fasa na wane, na ƙarshen layi albasarsa ta bushe yana kallo. Sai ya zauna ya rubuta manhaja ya sa mata suna Rabon Ruwa. Ba ta bukatar intanet, tsohuwar kwamfutar sakataren ƙungiya ma ta ishe ta. A shigar da gonaki da sunayen masu su, ita kuma ta fitar da takardar da ke nuna wa kowa ranarsa da lokacinsa, a manna a jikin ofis.

Rubutun manhajar gaba ɗaya ya zuba shi a wani rumbu a intanet, inda kowa zai iya karantawa, ya kwafa, ko ya aiko da gyara. Shi kaɗai ke da ikon karɓar gyaran ya shigar. Ranar da ya kai wa Alhaji Tambari, shugaban ƙungiyar masu ban ruwa, tsohon ya dube shi ya ce, "To, ɗana, mi kaka so mu yi maka?"

"Ba komi, Baba. Waƙafi na. Awa rijiya ta: kowa shi ɗiba, wanda ya iya shi yashe ta, wanda ya so shi gina tashi irinta."

Abu ɗaya ya ajiye wa kansa. Kakansa in ya gama kwafar littafi yakan rubuta sunansa a shafin ƙarshe, ya roƙi mai karatu addu'a. Jelani ma ya yi haka. Akwai wata 'yar taga a cikin manhajar, in ka buɗe ta za ka ga: "Jelani Halliru na Wurno ya rubuta. Wanda ya amfana ya sa shi a addu'a." Shi da kansa yakan buɗe tagar nan fiye da yadda zai so a sani.

Ana cikin haka Sodangi ya ɓullo. Mutumin Rabah ne, mai gyaran waya da kwamfuta a bakin kasuwa, ya yi difloma, kuma hannunsa ba ya zama wuri ɗaya. Ya ci karo da rumbun, ya fara aiko da ƙananan gyare-gyare. Jelani ya ji daɗi ƙwarai, har yana ba matarsa Sauda labari, wai ya samu mai taya shi. Sodangi yana da babur, yana da baki, ga fara'a. Shi ke sa manhajar a filash ya bi Giyawa da Boyekai da Kwargaba yana zuba wa sakatarori, yana koya musu, yana cin tuwon gidajensu. Jelani kuma yana Wurno yana fama da abin da ido ba ya gani. Akwai hutun makarantar da ya ƙare kaf a kan haruffa masu lanƙwasa, saboda firinta tana ta fitar da sunan Ɗanladi da ɗan akwati a gurbin harafin farko. Da ya gyara babu wanda ya ce masa sannu, don mutum ba ya lura da harafin da ya fito daidai.

Wata rana ya je kasuwar Goronyo sayen tafarnuwa. Yana tsugune yana zaɓe, sai ya ji mai tafarnuwar yana ce wa maƙwabcinsa, "Ni jibi ruwana yake, abin Sodangi ya hwaɗi."

Jelani ya ɗago. "Wane abu ke nan, Malam?"

"Ashe kai baƙo na. Wani yaro na, mutumin Rabah, Allah ya ba shi kai. Ya yi wani abu cikin kwamfuta, shi ka raba muna ruwa. Tun da ya zaka ba a sake zare ma kowa sanda ba."

Mutumin ya yi ta yi masa bayanin manhajarsa, yana kuskure yana ƙarawa, Jelani yana gyaɗa kai. Ya so ya ce ni ne, amma ɗan malamai ba ya tsayawa tsakiyar kasuwa yana tallar kansa. Ya ɗauki tafarnuwarsa ya hau mota. Tun daga Goronyo har Wurno abin yana cinsa, kuma sunan abin da ke cinsa kishi, ko da yake shi a ransa cewa yake yi neman gaskiya ne.

Farkon damina Sodangi ya aiko da gyara mai girma. Manhajar Jelani da agogo take raba ruwa, ƙarfe kaza zuwa ƙarfe kaza. Manoma kuwa da salla suke lissafin wuninsu, agogon wayar wannan kuma ba ya yarda da na wancan. Sodangi ya mayar da rabon kan salla: daga asuba zuwa hantsi, daga hantsi zuwa azahar, daga azahar zuwa la'asar. Tun da wani tsakanin ya fi wani tsawo, ya tsara mako yadda kowa zai sami dogo ya sami gajere. Kiran salla kowa na jinsa har cikin fadama, ba mai gardama da shi.

Jelani ya karanta rubutun daga sama har ƙasa yana neman inda zai yi tsaki, bai samu ba. Aikin ya yi kyau, kyan da ya sa shayin da ke hannunsa ya fita ransa. Shekara nawa yana jin kiran salla a ƙofar gidansu, amma dabarar ba ta zo masa ba, sai ta je wa mai gyaran waya.

A karatu na biyu ne ya ga ɓarakar. Tsarin mako guda Sodangi ya yi, manhajar kuma maimaita shi za ta yi ta yi har a cire albasa. Ke nan duk wanda dogon rabonsa ya faɗa tsakiyar ranar Juma'a, a nan zai dawwama, ruwa na wucewa ta bakin gonarsa shi yana masallaci. Maganin ba a rubutun Sodangi yake ba. Yana can cikin tsohon sashen da ke ƙirga kwanaki, wanda Jelani ya rubuta tun farko a cukurkuɗe, shi kaɗai ya san kansa. Aikin wuni guda ne a wurinsa. Ya rufe kwamfutar, ya ji wani sanyi a ransa wanda bai kamata mutumin kirki ya ji ba.

Bai karɓi gyaran ba, bai ƙi shi ba, bai kuma ce uffan a kan Juma'a ba. Gero ya fito, ya yi kai, gyaran Sodangi yana rumbu yana jira.

Sodangi ya zo Wurno da kansa, ya cire takalmi a bakin zaure, ya durƙusa ya gaishe shi.

"Malam, ko ka samu ka duba ɗan aikin nan da nit turo?"

"Ina dubawa."

"In akwai inda nik kuskure a hwaɗa mani, in gyara. Sakatarori suna ta tambaya, suna son shi kahin a buɗe ruwa."

"Su suka tambaya, ko kai ka ba su labari?"

Sodangi ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne. "Na nuna masu kaɗan, Malam."

"Manhaja ba gyaran waya ba ta, Sodangi. Ba a yi mata gaggawa."

Bayan ya tafi, Sauda ta shigo ɗaukar kwanuka. Ta dubi mijinta ta gefen ido.

"Baban Atika, wanga dubawa taka, ko Alƙur'ani kaka rubutawa da ka kai rabi."

"Ke mi kika sani cikin wanga aiki?"

"Ban san komi ba. Na dai san da, in yaron ga ya aiko da abu, kahin in sauke tukunya ka karɓa kana yabo. Yanzu ko sunanai anka kira sai ka canza huska."

Ya ce mata ta bar shi da abin da ya dame shi. Ta bar shi, amma da murmushi, kuma murmushin ya fi maganar ciwo.

Da kaka ta yi, lokacin noman rani ya matso, Sodangi ya kira shi a waya. Murya ƙasa-ƙasa ya nemi izini ya kwafi manhajar ya buɗe nasa rumbun, ya shigar da rabon salla a can, don kada manoma su shiga rani ba shi. Ba ya bukatar izinin kowa, lasisin da Jelani ya zaɓa da hannunsa ya ba shi dama, dukansu sun san haka. Ladabi ne kawai.

"Ai waƙafi na," in ji Jelani. "Ka yi abin da kag ga dama."

Ya ajiye wayar yana huci. Sai yanzu ya gane rijiyar da ya yi ta misali da ita ba a rufe ta in wani ya fi ka iya jan guga.

Ranar buɗe ruwa aka taru a ofishin ƙungiya a Goronyo, manoma cike da tabarmi har waje. An gayyaci Jelani, ya zo da babbar rigarsa. Abu ɗaya ya zo gani. Ya tabbata Sodangi ya goge sunansa daga 'yar tagar nan, har ya shirya abin da zai faɗa a kan amana da butulci, cikin natsuwa, a gaban dattawa.

Sakatare ya buɗe tagar, Alhaji Tambari ya sa tabarau ya karanta da ƙarfi: "Jelani Halliru na Wurno ya rubuta. Wanda ya amfana ya sa shi a addu'a." Harafi ɗaya ba a taɓa ba. Sodangi ko sunansa bai ƙara a ƙasa ba.

"To, jama'a, a yi mai addu'a," in ji Alhaji. "Wanda ya hwara abu ba a mance shi."

Aka ɗaga hannu, aka yi masa addu'a mai kyau, irin wadda ake yi wa wanda ya haƙa rijiyar gari tun zamanin kakanni. Aka shafa. Kafin hannuwa su sauka an juya an yanyame Sodangi, wannan na tambayar ranarsa, wancan na jan hannun rigarsa ya zo ya ga firintarsu. Jelani yana zaune kan kujerar manya da ransa da lafiyarsa, ba wanda ya tambaye shi komai. Jawabin da ya shirya ya koma da shi gida.

Amma kafin ya fita ya tsaya gaban takardun da aka manna a bango, ya bi layin Juma'a da yatsa. A wani ƙaramin kanal wajen Boyekai, dogon rabon tsakiyar rana ya faɗa kan wani Maccido, gonarsa ta ƙarshe a layi. Jelani ya riƙe sunan. Lissafinsa mai sauƙi ne: mako biyu ko uku abin zai fashe, a yi ca a kan Sodangi, a nemi wanda ya san cikin manhajar. Ranar nan wayarsa za ta yi ƙara, shi kuma zai bari ta ɗan jima tana yi.

Wayar ba ta yi ƙara ba. Da can har ƙorafi yake yi sakatarori sun hana shi cin abinci da kira, yanzu sai ya dinga ɗaukarta yana duba ko caji ne ya ƙare. A zauren manoma na waya kuwa kullum yabo ne, wai rabon salla ya kashe gardama. Makonni suka wuce, albasa ta fara ɗaure kai a ko'ina.

Haƙurinsa ya ƙare. Wata Juma'a ya ce wa Sauda zai yi salla a Boyekai, akwai wani tsohon ɗalibinsa da zai gani. Ba wani ɗalibi. Ya hau babur ya bi gefen kanal, yana tambaya har aka nuna masa gonar. Fangalin maƙwabta kore shar, na Maccido ganyen ya yi rawaya ya kwanta, ƙasar ta tsattsage. Ruwa yana gudu a kanal ɗin, rabonsa ne, bakin gonar kuma a toshe, ba kowa. Yana tsaye a wurin ya ji an ɗaga kiran salla daga cikin gari, murya ta tsoho mai ɗan rawa.

Bayan an idar ya tambayi wane ne Maccido. Aka nuna masa ladanin, wani siririn dattijo yana naɗe tabarmi. Tun hantsi yake masallaci duk Juma'a, shi ke shara, shi ke shimfiɗa, shi ke kira.

Suka gaisa. Jelani ya ce, "Baba, na biyo ta gonarka. Ruwa ba su isa na?"

"Ruwa suna zuwa, ɗana, ni na ba ni nan. Rabona ya hwaɗa kan Juma'a. Ɗan gajeren na Talata ɗai nika samu, shi ko ba ya kai ƙarshen gona."

"Ba ka kai ƙara ba?"

"Ƙarar wa? Anka samu zaman lahiya da ƙyat, ni in tada hitina don albasa? In anka taɓa takardar ga, kowa sai shi ce a taɓa mai tashi." Ya jingina tabarmar da bango. "Yaron ga Sodangi ya ji labari ya zaka da kainai. Ya aro mani inji ranar Asabar, shi da kainai yaj ja tiyo. Ya ce shina ta neman inda abin ya ɓaci, in ya gyara nan sai can shi lalace. Har ya rame, bawan Allah. Cewa yay yi laihinai na, in yahe mai."

 Jelani ya zo ne ya ji ana tsine wa Sodangi, ga shi ana tausaya masa.

"An ce mani kai malamin makaranta na," in ji Maccido. "Ka san kwamfuta?"

"Na ɗan sani."

"To don Allah in ka gamu da yaron ga ka taya shi dubawa. Shi ɗai na, ba ya da mai taimako."

A hanyar komawa bai ga kanal ba, bai ga fadama ba. Kunya yake ji, wannan gaskiya ne, amma kada in yi masa kwalliya, kishin bai tafi ko'ina ba. Har a cikin kuskure Sodangi ya fi shi samun mutane.

Washegari da safe ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida ya buɗe kwamfuta. Ya shiga rumbun Sodangi, karon farko, ya kwafo manhajar kamar kowane baƙo. Ya nufi tsohon sashen ƙirga kwanaki, ya sa tsarin ya riƙa gusawa duk mako, ya cire lokacin sallar Juma'a daga rabon kowa. Wunin da ya yi zato ma bai cika ba, kafin azahar ya gama. Ya gwada da sunayen kanal ɗin Boyekai, ya ga Maccido ya bar Juma'a. Ya rubuta bayani gajere, ba gaisuwa, ya aika. Allon ya nuna masa abin da ya nuna wa Sodangi damina guda: ana jiran amincewar mai kula da rumbu.

Ya gyara zama. Ya san abin da zai biyo baya, don ya san abin da shi zai yi. Sodangi zai karanta, zai gane cewa mai wannan gyara ya daɗe da sanin ɓarakar, zai bar shi ya yi ta jira. Kuma Jelani yana son hakan. Yana son a riƙe shi mako, ko wata, a ce masa ana dubawa. In an yi masa haka sun yi kunnen doki, zai iya cewa ashe kowa ya sami wuri haka yake.

Sauda ta kawo masa fura ta ajiye. Bai kai ga rabin kofin ba kwamfutar ta yi ƙara. An karɓa. A ƙasa Sodangi ya rubuta: "Allah shi saka da alheri, Malam. Na yi ta nema ban gani ba. Na ba ka ikon shigar da gyara cikin wanga rumbu, ba sai ka jira ni ba. Naka na."

Wayarsa ma ta motsa. Sodangi ne ya sa murya a zauren manoma, yana cewa matsalar Juma'a ta ƙare, Malam Jelani na Wurno, mai manhajar, shi ya gyara, a gode masa. Ya faɗi sunan har sau biyu, a fili, yadda ba mai cewa bai ji ba. Jelani ya riƙe wayar yana kallon amsoshi suna shigowa. "Madalla, Sodangi." "Allah shi yi ma albarka, Sodangi." "Mun san ba ka barin mu." Alhaji Tambari ya turo tasa muryar, ya ce a sake fitar da takardu gobe, abin Sodangi ya gyaru.

Sauda ta leƙo kafaɗarsa. "Ya karɓa?"

"Ya karɓa."

"To mi ya sa kay yi haka da huska? Ba abin da kaka so ke nan ba?"

 Yana tunanin ganyen albasar nan da ya kwanta, wanda ruwan mako mai zuwa ba zai tayar da rabinsa ba. Yana tunanin damina guda da ya yi yana zaune a kan aikin mutum. Manhaja zai iya rubuta wadda ta fi ta Sodangi, ya san zai iya. Wannan abin da yaron ya yi yanzu ne bai san ta inda ake fara shi ba, kuma shi ya fi komai ƙona masa rai.

"Ko wuni guda bai riƙe ni ba, Sauda," ya ce.

Ta ɗauki kofin furar ta ga bai shanye ba, ta mayar masa gabansa ta koma madafa.